Rantsuwar da Fatna Ta Nema

Gahawa ta ƙone a hannun Mahasin, abin da bai taɓa faruwa da ita ba tun da ta iya riƙe kasko. Tana tsugune gaban murhun gawayi a baranda tana juya 'ya'yan gahawa, amma kunnuwanta duka biyun suna falo, inda mahaifiyarta Fatna da yayar mahaifiyar, Khalti Bakhita, suka baje rayuwarta suna yanka kamar atamfar ɗinki.

"Ni dai na gaya miki, ya Fatna, ɗana Mazin ya gama magana," in ji Khalti Bakhita. Muryarta ba ta san raɗa ba, ko sirri za ta faɗa sai maigadin da ke ƙasan bene ya ji. "A gabana ya ɗora hannu a kan Alƙur'ani. Ya ce in aka ba shi ita, ko kogin Nilu sai dai ta hango ta tagar mota. To me kike jira? Yaron nan ɗanki ne, ga aikinsa na ofis a unguwar Dokki, ga gida ya kama. Khalas, magana ta ƙare, a sa rana."

"Na ji," Fatna ta ce a hankali. "Amma shi ma wancan zan ji ta bakinsa. Ban iya korar ɗan mutane ban saurare shi ba."

Wancan ɗin shi ne Ja'afar, Bakatsine mai karatun fiƙihu, wanda ya daɗe da hana zuciyar Mahasin sakat. Kuma ba baƙuntarsa ce ta dami Fatna ba. Ai su ma Hausawan Bur Sudan ne, jikokin mahajjatan da suka taso daga can a ƙafa, guzuri ya ƙare musu a bakin Bahar Maliya suka zauna. Ba ta da ta cewa a kan addininsa ko ladabinsa. Laifinsa ɗaya ne, ta ji labarin cewa in Mahasin na zancen teku, baki buɗe yake saurarenta.

Fatna da teku kuwa ba sa ga maciji. Mijinta Sulaimanu mai nutso ne, da numfashin ƙirjinsa kawai yake nitsewa ya ɗebo sadaf, ƙwanson nan mai sheƙi da ake maɓallan riga da shi. Wata safiya ya fita da ƙaramin kwale-kwalensa da suke kira huri. Da yamma aka tsinci hurin yana yawo shi kaɗai. Ba gawa, ba kabari. Tana fita takaba ta goya 'yarta ta taho Alƙahira, ta kama ɗaki a unguwar Hayyis Sabi', inda ko iska ba ta kawo warin gishiri. Da turaren wuta da ƙunshin amare ta raini yarinyar. Har yau ba ta cin kifi, in ta hango mai sayar da shi titi take tsallakawa.

Sai ga shi 'yar wannan matar ce ta je jami'a ta zaɓi ilimin halittun teku. Fatna ta ɗauka karatun kwalabe ne da farar riga, kuma Mahasin, a gaskiya, ba ta yi saurin gyara mata fahimta ba.

Yawancin mutane a wuyan amarya suka san murjani. Ita kuwa a raye ta san shi. Wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne masu gina gida na dutse a ƙarƙashin teku, gida kan gida, har ya zama gari guda da kifaye ke hayayyafa a lungunansa. In ruwa ya yi zafi ya wuce ƙima, ko jirgi ya saki ƙarfen da ke tsayar da shi a kansa, sai ya yi fari fat ya mutu. Aikinta shi ne ta nitse da tulun iska a baya, ta tsinto rassan da suka karye, ta ɗaure su a jikin ragar ƙarfe, ta yi renonsu kamar dashen tumatir har su yi ƙwari a mayar da su wurinsu. A makon da ya wuce malamarta, Duktura Widad, ta zaɓe ta cikin waɗanda za su koma tashar bincike kusa da Ƙusair, a bakin Bahar Maliya. Ranar da ta gaya wa mahaifiyarta, a ranar gidan ya daina dariya.

Bayan Khalti Bakhita ta ja mayafinta ta sauka, Fatna ta leƙo baranda. Ta dubi baƙin kaskon, sannan ta dubi 'yarta.

"Ki gaya masa ya zo ranar Juma'a bayan la'asar. Shi kaɗai, ba neman aure ba ne tukuna."

"Yumma..."

"Abu ɗaya nake so. Ya ɗora hannu a kan Littafi ya rantse, in na ba shi ke, ƙafarki ba za ta ƙara taɓa ruwan teku ba. In ya rantse, ke tasa ce, ko Bakhita za ta yi birgima a ƙasa. In ya ƙi, Mazin ya riga ya rantse."

Hawaye suka ɓalle wa Mahasin. "Yumma, duk ƙuruciyata a karatun nan ta ƙare. Dare da rana kin ga yadda na yi. Yanzu da na kai bakin abin za ki ce in juya?"

"Ni kuma tun kafin ki yi famfara nake jiran mutum ya fito daga ruwa, ya bitti, 'yata. Ban da ƙarfin jiran mutum biyu."

Ta juya ta shige ɗaki. Mahasin ta so ta ji haushinta, wallahi ta so, amma ta kasa. Tausayi ne ya cika ta, kuma ya fi haushin ciwo.

* * *

A lambun kifi na Zamalek suka haɗu washegari da hantsi, a kan bencin da suka saba, jakarta a tsakaninsu tana aikin da ta saba. Ja'afar dogo ne siriri, mai saurin murmushi da jinkirin magana. Ya saurare ta har ta kai aya, yana kallon takalmansa.

"Dakta," ya ce, don haka yake tsokanarta tun ba ta ma fara digiri na biyu ba, "wannan kukan ki rage mini nawa kason."

Ta ɗago ta harare shi, sai ta lura da idanunsa. Jawur suke, kuma ba yau ta fara ganinsu haka ba.

"Me ke damun idonka? Ga tarin nan ma ya ƙi barinka."

"Wani sabon darasi na shiga. Malamin ba shi da tausayi ko kaɗan."

"Ku dai ba kwa gajiya da darasi." Ta share fuska da gefen mayafi, ta matso da murya ƙasa. "Ka saurare ni, ya Shaikh. Jiya na yi tunani, na samo mana hanya. Kai da bakinka ka taɓa gaya mini, wanda ya rantse ya karya, miskinai goma zai ciyar, shi ke nan ya fita. Ka je ka rantse mata. A ɗaura aure. In hankalinta ya kwanta mu tafi Ƙusair, ka yi kaffara. Ni zan dafa abincin da hannuna, har da nama."

Ya girgiza kai a hankali.

"Ashe kina saurare in ina surutuna."

"Ja'afar, ba wasa nake ba."

"Na sani." Ya juyo ya dube ta sosai. "Kaffara ta wanda ya rantse da zuciya ɗaya ce, daga baya ya ga abin da ya fi alheri. Ni kuwa so kike in ɗora hannu ina riga na auna shinkafar. Ko da wani littafi ya bar mini ƙofa a nan, Mahasin, ba zan bi ta ba."

"To ai shi ke nan. Littafinka ya fi ni."

"Ba littafi ba ne, Inna Fatna ce. Matar nan ba ta da kabarin da za ta je ta tsaya a kai. Ba ta yarda da ruwa ba, ba ta yarda da jirgi ba, ba ta yarda da ‘sai na dawo’ ba. Abu ɗaya ya rage mata da ta yarda da shi a duniya, hannun mutum a kan Alƙur'ani. In na ƙwace mata wannan, da me zan bar ta?"

Kuka ya ƙwace mata sosai, har wata tsohuwa Bamisira da ke wucewa da jikanta ta tsaya ta watsa wa Ja'afar harara, ta yi tsaki ta wuce. Shi dai ya miƙa mata hankici ta saman jaka.

"To ka rantse da gaske," ta ce cikin shessheƙa. "Na haƙura. Na bar tekun. Zan je in gaya wa Duktura ta ba wani. Zan koyar a makarantar yara, zan yi turare da Yumma, komai ma zan yi. Ni dai kada a ba ni Mazin ina kallonka."

"Kin tuna ranar da kika dawo daga Ƙusair kina ba ni labarin reshen da kika ɗaure ya yi toho? Tsawon farce, kika ce. A nan wurin kika tashi tsaye kina nuna mini da yatsa, har mai shara ya tsaya kallo. Ranar na tabbatar ke nake so." Ya yi gyaran murya. "In na kashe waccan yarinyar da rantsuwata, wa zan aura? Ragowarki?"

"To yaya kake so in yi? Wannan ka ƙi, wancan ka ƙi. Sai ka tsaya da gaskiyarka a hannu kana kallo a kai ni Dokki?"

Ya daɗe yana murza hularsa a gwiwa, sannan ya ce, "Akwai abin da ban taɓa tambayarki ba, don na ga ba kya son taɓa wurin. Yaya aka yi ranar da Baba ya fita?"

Ta ja numfashi. "Kowane mai nutso yana da mai riƙe masa igiya. Ana ɗaura ta a ƙugu, ɗayan yana zaune a huri da bakinta a hannu. In na ƙasa ya ji ba daidai ba sai ya fizga, a jawo shi. Mai riƙe wa Baba ya tafi biki garin Sawakin. Yumma ta ce ya jira shi, ya ce ruwa a kwance yake, yanzu zai dawo."

"Ku fa, yanzu?"

"Mu bibbiyu muke nitsewa. Akwai balan-balan da ke bin mu a sama da igiya, akwai mai tsaro a jirgi. Na gaya mata har na gaji, ba ta ji."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Ki ce mata ina zuwa."

"Me za ka ce mata?"

"Ba zan yi mata ƙarya ba. Iyakar abin da na sani ke nan yanzu."

A motar haya ta komawa gida Mahasin ta jingina kai da taga tana kuka marar sauti. Ta ƙudurta a ranta ta rasa shi. Abin haushin kuma, ba ta taɓa sonsa kamar yau ba.

* * *

Ranar Juma'a gidan ya ɗau ƙamshin turaren sandal tun daga matakala. Wuta ta ɗauke kamar yadda ta saba a bazarar nan, aka buɗe tagogi. Khalti Bakhita ta zo da wuri ta kama kujerar tsakiya, ba wanda ya gayyace ta. Mazin na gefenta cikin guga da turare, yana ta juya makullin mota a yatsa. Ba mugun mutum ba ne Mazin. Tare suka tashi da Mahasin, shi ya riƙa raka ta makaranta suna yara, kuma son da yake mata na gaske ne, sai dai irin son da ke kulle ƙofa ya sa makulli a aljihu.

Ja'afar ya yi sallama ya shigo, ya durƙusa ya gaida manya, ya ba Mazin hannu. Ya ƙi kujera ya zauna a kan darduma. Mahasin tana bayan labulen kicin, ta riƙe butar gahawa da ba a ce ta zuba ba tukuna.

Fatna ta ɗauko Alƙur'ani a naɗe cikin koren ƙyalle, ta sumbace shi, ta ajiye a kan ƙaramin tebur a gabansa.

"Ta gaya maka?"

"Ta gaya mini, Inna."

"Kana da alwala?"

"Ina da ita."

"To bismillah."

Ya dubi Littafin. Ya ɗora hannayensa biyu a kan gwiwoyinsa, ya bar su a nan.

"Ki gafarce ni, Inna. Ba zan iya ba."

Mahasin ta runtse ido. Ta san haka zai ce, amma sanin bai rage komai ba.

"Alhamdu lillahi!" Khalti Bakhita ta tafa hannu. "Ya hutar da mu. Kin ji da kunnenki, ya Fatna. Malami guda, an ce ya tsare ran yarinya ya ce ba zai iya ba."

"Da na rantse, da ɗayan biyu ne," Ja'afar ya ci gaba, idonsa a ƙasa. "Ko in cika in cuce ta, ko in karya in cuce ki. Dukanku biyu ba ku cancanci haka daga gare ni ba."

Mazin ya ajiye makullinsa. "Ya akhi, kai ba ka san abin da kake magana a kai ba. Ina bakin ruwa ranar da aka jawo hurin Kawu Sulaimanu ba kowa a ciki. Na ga Khalti Fatna ta faɗi a kan yashi. Kai a littafi ka san teku. Ni ba mugunta nake wa Mahasin ba, so nake ta tsufa."

"Na yarda da kai, wallahi," in ji Ja'afar. "Ni ma shi nake so." Ya ɗago ya dubi Fatna karo na farko. "Inna, akwai rantsuwar da zan iya, in za ki karɓa. Duk ranar da za ta shiga ruwa, ina cikin jirgin da ke samanta, igiyarta a hannuna. Ranar da ban je ba, ba ta shiga. Ko biki ne, ko jarrabawa, ko zazzaɓi. Rubutun digirina ya rage mini, kuma ana yinsa a Ƙusair kamar yadda ake yinsa a nan."

Fuskar Fatna ta canza, kamar an taɓa mata gyambo.

Khalti Bakhita ta tuntsire da dariya. "Sajami, na shiga uku! Bakatsine ne zai tsare mutum a teku? Kai da ruwan buta ne iyakarka?"

"Da haka ne, Khalti." Kunya ta kama shi har ya sosa ƙeya. "Tun ranar da ta ce mini ana maganar Ƙusair na shiga koyon iyo. Akwai wani wurin wanka a bayan kasuwa, ina zuwa bayan sallar asuba. Ajin yara aka sa ni, don na manya sun ce ban kai ba. Roba ake hura mini a ɗaura a damtse. Yaran suna kira na Ammu Balan-balan, wato Kawu Balan-balan. Ruwan da na sha a wurin nan zai raini gonar albasa."

Mazin ya yi ƙoƙarin riƙe fuska, ya kasa, dariya ta kuɓuce masa ta hanci.

"Yanzu ina kaiwa daga wannan bango zuwa wancan," Ja'afar ya ƙarasa. "In Allah ya taimaka."

A bayan labule Mahasin ta toshe baki da mayafi. Jan idon nan, tarin nan, malamin da ba shi da tausayi. Dariya da kuka suka haɗu suka shaƙe ta, ta rasa wanda za ta fara saki.

Fatna ba ta yi dariya ba.

"Ka san mene ne riƙon igiya, ya waladi, ɗana? Ba iyo ba ne. Zama ne. Rana ta dake ka tun safe, ba ka gyangyaɗi, ba ka hira, ba ka buɗe littafi. Jirgi na jujjuya maka hanji, kana amai kana riƙe. Ran mutum ne a yatsunka."

"Zama kam na iya, Inna. Shi aka turo ni Masar in koya."

"In ruwan ya fi ƙarfinku fa?"

"Ba zan yi miki alkawarin abin da ke hannun Allah ba. Wanda zan iya shi ne, ba za a taɓa tsintar jirginta yana yawo shi kaɗai ba."

Daga titi aka jiyo mai sayar da gas yana buga tulunsa da ƙarfe.

Mahasin ta ajiye butar ta fito. Ba ta dubi kowa ba, ta je ta durƙusa a gaban mahaifiyarta ta kama ƙafafunta.

"Yumma, kullum kina tambayata me na rasa a tudu. Ban taɓa iya gaya miki ba." Hawaye na zuba ba ta share ba. "Ran Idi kowa na zuwa kabarin mahaifinsa, ya yayyafa ruwa, ya kafa ɗanyen reshe, ya yi addu'a. Mu muna zaune a ɗaki. Ranar da na fara nitsewa a Bahar Maliya na ga inda yake kwance, Yumma. Ba duhu ba ne kamar yadda nake mafarki. Lambu ne. Kuma lambun yana mutuwa. Duk reshen da na ɗaure a can ƙasa, sai na karanta masa Ƙulhuwallahu a zuciyata. Ni nawa ɗanyen reshen ke nan. Kada ki hana ni ziyarar Baba."

Fatna ta dube ta, ta daɗe tana dubanta. Sai ta zare ƙafafunta, ta tashi ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

"Kin gani ko?" Khalti Bakhita ta ce da ƙaramar murya, wadda a wurinta ita ce ta kowa. "Kin tayar mata da ciwo. Allah ya shirye ki."

Daga ɗakin suka ji ana jan akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, akwatin da Mahasin ba ta taɓa ganin cikinsa ba. Suka ji murfi ya yi ƙara. Ba ta fito ba har Ja'afar ya fara tattara rigarsa zai nemi izinin tafiya.

Ƙofa ta buɗe. Fatna ta fito rungume da wani abu a ƙirji kamar jariri. Igiya ce a naɗe, ta yi toka-toka, gishiri ya sandarar da ita.

"Ranar Sulaimanu bai ɗauke ta ba," ta ce, ba ta kalli kowa ba. "Tunda ba mai riƙewa. A bayan ƙofa na same ta a rataye."

Khalti Bakhita ta miƙe tana gyara mayafi, idonta ya ciko duk da faɗan da ke bakinta. "Fatna, kin haukace. Wallahi sai baffanta Hasan ya ji wannan. Shi ne waliyyinta, ba ke ba. Tashi mu tafi, Mazin."

Mazin ya tashi. A bakin ƙofa ya tsaya, ya dubi igiyar, ya dubi Ja'afar. "In ka sake ta," ya ce, "kada ka dawo Alƙahira." Ya bi mahaifiyarsa, ana jin faɗanta har ƙasan bene.

Fatna ta warware igiyar a hankali, tana lanƙwasa ta da yatsu don ta saki. "Tashi tsaye, ya bitti." Ta zagaya ta a ƙugun 'yarta, ta yi wani ƙulli da hannunta bai manta ba, ta ja ta gwada. Sannan ta ɗauki ɗaya bakin ta ajiye a gaban Ja'afar, kusa da Littafin.

"Hannu ɗaya a nan, ɗaya a can. Faɗi abin da ka ce."

Ya ɗora damansa a kan Alƙur'ani, ya kama igiyar da hagu, ya maimaita kalma bayan kalma. Muryarsa ba ta yi rawa ba ko sau ɗaya, sai a wurin sunanta.

"Ba haka ake riƙewa ba," Fatna ta ce da ya gama, tana share ido da bayan hannu. "Ka riƙe ta kamar carbi. Naɗa ta a tsintsiyar hannu. Ƙara. Yawwa. Ke kuma ja da baya, ki fizga yadda za ki fizga in numfashi ya ƙare miki."

Mahasin ta ja da baya har bakin kicin. Igiyar ta tashi daga ƙasa ta miƙe a tsakiyar falo. Ta fizga da ƙarfinta duka, amma fizgar ba ta kai ga Ja'afar ba. A tsakiya ta tsaya, inda hannun Fatna ya damƙe igiyar tun ɗazu, jijiyoyinsa sun fito raɗa-raɗa.

"Yumma," Mahasin ta ce a hankali.

"Na sani," in ji Fatna. "Ki ba ni minti ɗaya."

Suka ba ta. Ta dubi 'yarta a wancan bakin, ta dubi baƙon yaron nan mai jan ido a wannan bakin, leɓunanta na motsi da addu'a. Sannan ta buɗe yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

Mahasin ta sake fizga. Ja'afar ya riƙe.